Injin yankan ciyawa yana mutuwa a gargada: in haɗe wayar kujera ko in bar ta?

Sabon Mahayi:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Wata uku ke nan da na sayi injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, na hannu ne amma da sauran ƙarfinsa. Filin da nake yankewa akwai ramuka nan da can, ga kuma ɗan gangare ta wajen magudanar ruwa. Matsalar ita ce da na sa wuƙa na fara tafiya, in taya ta daki ɗan tudu sai injin ya yi kamar zai mutu, ya yi tari, wani sa'in salansa ta ce tau, sannan ya dawo. Wani lokacin kuwa ya mutu murus. Jiya sau bakwai na ƙirga. Wanda ya sayar min ya ce wata 'yar waya ce a ƙarƙashin kujera, in aka haɗe ta shi ke nan an huta. Na ɗaga kujerar, na gan ta kuwa. Amma na ce bari in tambayi na gaba kafin in taɓa.

Gajeriyar Hanya:
Wa alaikumus salam. Haɗe ta kawai malam, ka huta da ciwon kai. Nawa shekara huɗu ke nan a haɗe, ko ƙwarzane ban taɓa yi ba. Har sauka nake in ɗauke reshe a gaba in dawo in hau, injin bai mutu ba. Masu ƙera abin nan tsoron shari'a ne kawai ya sa suke cika shi da tarkace.

Bakanike:
Ƙanena, tsaya tukuna, kada ka taɓa wayar nan. Bari in faɗa maka abin da take yi, in ya so ka yanke hukunci da kanka.

A ƙarƙashin kujerar akwai ɗan makunni da nauyinka ke dannewa. Muddin kana zaune, wuta tana zuwa fulogi. Da ka tashi alhali wuƙa na aiki, ko ba ka ɗaure birki ba, sai ya yanke wutar. Tarin da kake ji, makunnin ne yake sakewa na ɗan ƙiftawar ido lokacin da gargada ta cilla ka sama. Ƙarar tau ɗin nan kuwa fetur ne da bai ƙone ba a wannan ɗan lokacin, ya tafi salansa mai zafi ya kama a can. Wato injinka lafiyarsa lau, yana yin abin da aka gina shi ya yi.

To me ya sa aka sa shi? Wuƙar da ke ƙarƙashinka tana juyi wajen sau 3,000 a minti ɗaya, sau 50 ke nan a daƙiƙa guda. Idan kaskonka, wato murfin ƙarfen da wuƙaƙe ke ƙarƙashinsa, mai faɗin inci 42 ne, wuƙaƙe biyu ne a ciki, kowacce inci 21, kuma bakin kowacce yana gudun kusan kilomita 300 a awa. Ranar da ka zame daga kan kujera a gangaren nan da ka ambata, abu ɗaya ne tak tsakanin ƙafarka da wannan wuƙa, shi ne makunnin da ake ce maka ka haɗe. In ka haɗe shi, kai ka faɗi, injin bai sani ba, zai ci gaba da tafiyarsa da wuƙa a kunne.

Sau bakwai a yini ya yi yawa, na yarda. Amma akwai dalili, shi ya kamata mu nemo. Amsa min uku: iskar tayarka nawa? Da wace giya kake yanka? Kuma in ka girgiza kujerar da hannu tana rawa?

Sabon Mahayi:
Na gode Oga. Iskar taya ban san lambarta ba, na kai wa mai faci ya cika su dam, ya ce sun yi. Giya kuwa, gaskiya ta biyar nake sawa, don in gama da wuri. Kujera zan duba da safe.

Bakanike:
Ai ka ga rabin amsar ta fito. Mai faci ya saba da tayar mota, 30 ko 32 zai ɗura maka. Tayar irin wannan injin yawanci 14 ce a gaba, 10 a baya a ma'aunin psi, kuma za ka ga lambar a littafin injin. Injin nan ba shi da sifirin irin na mota, laushin tayar shi ne yake shanye gargada. Ka cika su sun zama dutse, ka sa giya ta biyar a fili mai ramuka, ai dole ka riƙa tsalle kamar mai sukuwa. Nemi ƙaramin ma'auni mai karanta iska kaɗan, na mota ba ya nuna 10 da kyau.

Gajeriyar Hanya:
Oga duk na ji lissafinka, amma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wanda zai faɗi zai faɗi ko da waya goma ce a kujerarsa.

Mai Kula da Fili:
Faɗuwar ba ita ake gardama a kai ba ɗan'uwa. Kowa yana iya faɗuwa. Abin da ake magana shi ne bayan ka faɗi, wuƙar ta tsaya ko ba ta tsaya ba.

Ni ganau ne. Shekara goma sha ɗaya ina yankan filayen wasa da harabar ma'aikatu. Akwai ranar da reshen bishiya ya kama min hula, na ɗaga hannu in tare, tayar baya ta faɗa ramin da ciyawa ta rufe, sai gani na a ƙasa ta gefen dama, daidai bakin da ciyawa ke fita. Abin da nake tunawa shi ne shirun da ya biyo baya. Injin ya mutu, na ji wuƙaƙen suna rage gudu, shuu, shuu, har suka tsaya, takalmina bai fi taƙi ɗaya da kaskon ba. Na daɗe zaune a wurin kafin gwiwata ta yarda ta ɗauke ni. Kafin ranar ni ma ina cikin masu tsaki in injin ya mutu don na ɗan ɗaga. Yanzu duk safiya sai na gwada shi: in zauna, in sa wuƙa, in ɗaga jikina kaɗan daga kujera. In bai fara mutuwa nan take ba, ba na fita da shi. Kuma in na kashe wuƙa ina ƙirgawa, in ta wuce daƙiƙa biyar ba ta tsaya ba, birkin wuƙar ya ci, sai an duba.

Sannan maganar sauka a ɗauke reshe da injin a kunne: akwai hanyarta. Kashe wuƙa, ɗaure birki, ka sauka, a yawancinsu injin ba zai mutu ba. Masu ƙerawa sun riga sun yi tunanin wannan.

Uwar Biyu:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa, tunda maganar kujera ake. Maigidana yana ɗora ƙaramin namu a cinya yana zagayawa da shi, yaron shekararsa huɗu. Ya ce ai ba ya kunna wuƙa in yaron yana sama. Mun yi ta kai ruwa rana a kan wannan, yana cewa na cika tsoro. Shin da gaske akwai laifi in wuƙa a kashe take?

Gajeriyar Hanya:
Hajiya a nan kam ina bayan maigida. Yaro yana jin daɗi, wuƙa a kashe, me ya rage?

Dattijon Lambu:
'Yata, ke ce da gaskiya, kuma dalilin ya wuce inda mijinki yake kallo. Na farko, ko babu wuƙa, injin nan ya kai kusan kilo 200 kafin a sa nauyin direba, kujerarsa ta mutum ɗaya ce, ba wurin riƙo. Yaro ya sulale, tayar baya ce za ta same shi.

Amma abin da ya fi damuna shi ne na biyu. Yaron da aka saba ɗorawa ya riga ya koyi cewa ƙarar injin nan kira ce zuwa wasa. Gobe uban yana yanka da wuƙa a kunne, yaron ya ji ƙara daga cikin gida, ya fito da gudu ya biyo shi ta baya yana so a ɗauke shi. Uban ba ya jin kiransa saboda ƙara, ba ya ganinsa saboda gajere ne kuma yana baya. Sai ya zo ƙarshen layi ya sa ribas. Da yawa daga cikin munanan raunukan da ƙananan yara ke samu da wannan injin ta wannan hanyar suke zuwa, kuma mai tuƙin galibi na gida ne, uba ko kaka ko wa. Littattafan injinan da kansu sun rubuta wannan gargaɗin, cewa yaron da aka taɓa ɗorawa yana iya bayyana ba zato yana neman a sake ɗora shi.

Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta daɗe da fitar da matsayinta: kada a ɗauki yaro fasinja ko kaɗan, kada wanda bai kai shekara 16 ba ya tuƙa na hawa, na turawa kuma sai ɗan 12. In ana yanka, ƙanana su kasance cikin ɗaki, a hannun wani babba daban, ba mai tuƙin ba. Ki nuna masa wannan, ba da faɗa ba.

Uwar Biyu:
Baba wallahi jikina ya yi sanyi. Abin da ka faɗa ya riga ya fara faruwa, da ya ji an tayar da injin yake neman takalminsa. Zan nuna masa yau in sha Allah. Na gode.

Bakanike:
A kan maganar Baba: shi ya sa injinan da aka ƙera cikin shekaru ashirin ɗin nan yawanci in ka sa ribas da wuƙa a kunne, ko wuƙar ta tsaya ko injin ya mutu. Wasu suna da maɓallin da za ka danna in dole sai ka yanka da baya, kamfanin John Deere suna kiran nasu RIO. Wannan ma ana kawo min a ce in cire. Ba na cirewa, na sha rasa mai kawo aiki a kan haka. Ko da shi ko babu, kafin ka ja baya ka juya ka kalli ƙasa, ba sama ba.

Sabon Mahayi:
To Oga, tunda an taɓo gangare. Nawa ina bin sa ne a kwance, daga hagu zuwa dama, don ya fi sauƙin juyawa. Ina jin injin yana ɗan karkata, sai in jingina jikina ta wajen tudu. Daidai ne?

Mai Kula da Fili:
A'a. Kuma ka lura, jinginar nan da kake yi tana ɗage nauyinka daga gefe ɗaya na kujera, ita ma tana iya sa makunnin ya saki. Mai sitiyari irin naka sama da ƙasa ake bi da shi, a miƙe. Na turawa da hannu shi ne ake bi a kwance, don kada mutum ya zame ƙafarsa ta shige ƙarƙashi. Mutane suna yawan juya su biyun.

Iyakar da yawancin kamfanoni suka sa ita ce digiri 15. In ba ka da abin awo, samo miƙaƙƙen katako mai tsawon mita ɗaya, ɗora baki ɗaya a ƙasa ta wajen tudu, ka ɗaga ɗaya bakin har katakon ya daidaita, sannan ka auna daga bakin zuwa ƙasa. In ya wuce santimita 27, gangaren ya fi ƙarfin injinka. Akwai kuma gwajin da ya fi wannan sauƙi: kashe wuƙa ka gwada hawa da baya a hankali. In taya tana sulɓi ko ranka bai kwanta ba, to ba wurin hawa ba ne.

Zaɓi ƙaramar giya tun kana kan shimfiɗaɗɗen wuri, kada ka canza a tsakiya, kada ka sa furi ka gangaro, kada ka juya a kan gangaren. In taya ta fara sulɓi kana hawa, kashe wuƙa ka sauko a miƙe sannu a hankali. Ciyawa mai raɓa kuwa sabulu ce, jira rana ta busar da ita. Bakin magudanar nan taka, bar tazarar faɗin injin biyu, ka gama sauran da na turawa. Gaɓar rami takan zube ne ba sallama.

Mai Sanda Biyu:
Ni nawa ba sitiyari, irin mai sanduna biyu ne da ke juyawa a wuri ɗaya. Dokar ɗaya ce?

Mai Kula da Fili:
Naka ya fi son a yi hattara da shi. Tayoyinsa na gaba 'yan rakiya ne, ba sa tuƙi ba sa birki, duka aikin yana kan na baya. In ka fuskanci ƙasa a gangare nauyi ya koma gaba, na bayan su yi sauƙi, in suka sulɓe ka rasa tuƙi da birki lokaci guda. A kan wace fuska za ka bi, kamfanoni sun sha bamban, don haka bi abin da littafin naka ya ce. Idan yana da ƙarfen kariya a bayan kujera, ɗaga shi tsaye ka ɗaura bel. In dole ta sa ka naɗe ƙarfen don shiga ƙarƙashin bishiya, to kwance bel ɗin, don in ya kife babu ƙarfe bel ɗin zai riƙe ka ne a ƙarƙashinsa. Da ka fito ka mayar da duka biyun.

Gajeriyar Hanya:
Kai jama'a, yankan ciyawa ne fa, ba tuƙin jirgin sama ba. Da za a bi duk wannan ai sai magariba ba a fara ba.

Dattijon Lambu:
Ɗana, zagayen fili a tsince duwatsu da waya da kwalabe minti goma ne. Ni dutse ɗaya da ban tsince ba ya fasa min gilashin taga daga nisan da ban yi zato ba, kuma a lokacin na ɗaure murfin bakin fitar ciyawa da igiya don wai yana toshewa. Gilashi ne, aka sa wani. Tun ranar na kwance igiyar. In yana toshewa, ciyawar ce jiƙaƙƙiya ko ta yi tsawo, sai a ɗaga kasko a yanka sau biyu. Ba a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawon ciyawa a yanka ɗaya, ita kanta ciyawar ta fi son haka. Kuma in ya toshe, kashe injin, zare mukulli, jira komai ya tsaya, ka sa sanda. Ban da hannu.

Sabon Mahayi:
Oga Bakanike, na duba da safen nan. Kujera tana rawa sosai, noti ɗaya babu shi sam. Soket ɗin wayar kuma da na zare shi, ciki ya yi kore-kore. Sannan wani abu daban: na zaro sandar awon baƙin mai, man ya wuce layin sama, ya yi ruwa-ruwa, kuma warin fetur yake yi. Wannan fa?

Bakanike:
Madalla da ka duba. Na farkon mai sauƙi ne: sa noti, goge bakin soket ɗin har ƙarfe ya fito, ɗaure wayar yadda kujera ba za ta riƙa jan ta ba. In duk da haka yana yankewa, makunnin ya gaji, sayi sabo, ƙaramin abu ne.

Na biyun kuwa, kada ka sake tayar da injin sai ka gyara. Fetur ne yake zubowa cikin baƙin mai. A cikin kafireto akwai 'yar allura da ke toshe hanyar fetur in kofin ya cika. In datti ya maƙale mata ko ta cinye, fetur yana ta tsiyaya dare da rana, musamman in tanki yana sama da injin, ya bi ta silinda ya gangara ƙasa ya haɗu da mai. Man da fetur ya tsinka ba ya riƙe ƙarfe, haka ake buga inji. A wanke kafireto ko a canza allurar, a juye man nan duka, a canza matatar mai in yana da ita. Ka sa ɗan famfon rufe fetur a kan tiyo, kana gama aiki ka rufe.

Tunda na hannu ka saya kuma ba ka san tarihinsa ba, ɗauka cewa ba a taɓa yi masa komai ba. Baƙin mai ana canza shi duk awa 50 na aiki ko sau ɗaya a shekara, wanda ya riga zuwa. Wasu masu matata sukan kai awa 100. Sabon inji fil kuma kamfanin ƙera inji na Briggs & Stratton sun ce a juye man farko bayan awa 5. A wuri mai zafi SAE 30 yana yi, 10W-30 ma yana yi sai dai injin yakan ɗan sha shi in zafi ya yi yawa, ka riƙa dubawa. Awo a kan daidaitaccen wuri, kafin a tayar, kowace rana. Kada ka cika ya wuce layi, yawansa ma ciwo ne, hayaƙi fari zai yi ta yi.

Matatar iska ita ce abin da aka fi mantawa, ita ce kuma ke kashe inji a ɓoye. Soson waje a wanke shi duk awa 25, ya bushe sarai. Ta takardar a ɗan bubbuga ta, in ta yi baƙi a canza. Kada a hura mata iskar kwamfuresa, tana huda ta da ƙananan ramukan da ido ba ya gani, ƙura ta wuce kai tsaye. In wurinka akwai ƙura, rage duk waɗannan awannin. Fulogi sau ɗaya a shekara, tazarar bakinsa a yawancinsu milimita 0.76 ce.

Wani abu kuma: yanka da totur a sama. Mutane suna rage shi wai tausayin inji. Injin nan iska ke sanyaya shi, fankar tana kan injin, in ka rage gudu ka rage iskar, ga wuƙa ba ta yanka da kyau. Gudun tafiya ake ragewa da giya, ba gudun inji ba.

Mai Sanda Biyu:
Oga, ni bayan kowane aiki tiyo nake sawa in wanke shi tas, sama da ƙasa. Wani ya ce min ina kashe shi ne.

Dattijon Lambu:
Ni dai ina wanke ƙarƙashin kasko. Danyar ciyawa in ta manne ta kwana, ita ke cin ƙarfe. Nawa na farko tsatsa ce ta huda shi, injin yana da rai kaskon ya mutu.

Bakanike:
Baba ba ka yi kuskure ba a kan tsatsa, amma ni a wajen aiki abin da na fi canzawa shi ne boris ɗin sandar wuƙa, kuma kusan duk masu kawowa masu wanki ne. Boris yana da zafi bayan aiki, ka watsa masa ruwan sanyi, ya tsotsi ruwan ciki, bayan wata biyu ka ji yana kuka. Ni na fi son a kankare da katako ko a hure da iska. In dole sai ruwa, bari ya huce, kada a sa mai ƙarfi, bayan nan a kunna wuƙa minti biyu ta bushe, a sa giris inda akwai kan giris.

Dattijon Lambu:
To a nan kowa ya riƙe nasa. Shekarata ashirin ina wankewa, boris biyu na canza. Amma na karɓi maganar a bari ya huce.

Abin da ba gardama a kai shi ne busasshiyar ciyawar da ke taruwa saman kasko da kewayen salansa. Wannan wuta ce ke jiran ranarta. A share ta, kuma kada a shigar da injin ɗaki yana da zafi. Fetur ma haka, a waje ake zubawa, bayan inji ya huce. Kuma kada a bar shi yana aiki a rufaffen gareji, hayaƙinsa yana da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, tana kwantar da mutum bai sani ba.

Uwar Biyu:
Namu in ya yi wata biyu ba a taɓa ba sai ya ƙi tashi. Batir ne?

Bakanike:
Hajiya in kin murɗa mukulli ya yi ƙas-ƙas ko shiru, ki fara tabbatar an taka birki kuma wuƙa a kashe take, don ba zai tashi ba sai da su. In duk an yi, to batir. Cikakke yana nuna volt 12.6 a mitar awon wuta. In za a cire shi, baƙar waya ake fara kwancewa, ita ce kuma ta ƙarshe wajen mayarwa. In kuwa yana juyawa amma bai kama ba, tsohon fetur ne. Fetur yana fara lalacewa daga wajen kwana 30, ya bar danƙo a kafireto. In za a ajiye shi da daɗewa, ko a zuba maganin adana fetur a bar injin ya ɗan yi aiki, ko a rufe famfo a bar shi ya shanye na kafireto har ya mutu. Kuma kafin a tayar bayan dogon hutu a leƙa ƙarƙashin murfin fanka, ɓeraye suna son yin sheƙa a wurin, su toshe hanyar iska, inji ya ƙone.

Sabon Mahayi:
Tambaya ta ƙarshe, ku yi haƙuri da ni. Bayan na yanka, kan ciyawar yana yin fari-fari kamar an yage shi. Wuƙa ce ta dakushe ko? Zan iya cire ta da kaina?

Mai Kula da Fili:
Ita ce. Wuƙa mai kaifi yanka take, dakusasshiya duka take. Mu duk awa 25 muke wasawa, a wuri mai yashi ma ba ta kaiwa.

Za ka iya, amma bi a hankali. Zare mukulli, cire wayar fulogi ka kautar da ita, in silinda biyu ne cire duka biyun. Ya fi sauƙi ka zare kaskon gaba ɗaya ka kifa shi. In ɗaga injin za ka yi, kada ka shiga ƙarƙashinsa yana kan jak kaɗai, sa masa abin tokara mai ƙarfi ka datse tayoyin baya. Sa safar hannu mai kauri, ka cusa guntun katako tsakanin wuƙa da kasko don kada ta juya. Kafin ka cire yi mata alama a fuskar da ke kallon ƙasa, don mutane da yawa suna mayar da ita a kife su yi ta mamakin me ya sa ba ta yanka. Fiffiken nan da ya lanƙwasa sama, cikin kasko yake kallo.

Bi kusurwar da ta zo da ita, kada ka mai da ita aska, bakin zai naɗe da wuri. Ka ci daidai a kowane gefe, sannan ka rataya ta a kan ƙusa ta ramin tsakiya, gefen da ya sauka ya fi nauyi, ƙara ci a nan. Wuƙar da ba ta daidaita ba ita ke girgiza inji tana kashe boris, kuma ita ma tana iya kwance noti irin wanda ka rasa a kujera. In ka ga ta lanƙwashe, ko ta tsage, ko yashi ya cinye gindin fiffiken ya yi siriri, jefar da ita. Ba a miƙe ta da guduma, ba a yi mata walda, guntun da ya ɓalle a wancan gudun harsashi ne. Wajen ɗaurewa nemi ƙarfin da littafin ya faɗa.

Ka kuma nemi abin toshe kunne da tabarau da rufaffen takalmi. Ƙarar injin nan takan kai 90 a ma'aunin ƙara na desibel, alhali daga 85 ake fara lissafin illa ga mai daɗewa a ciki. Ni kunnena na hagu ya riga ya tafi da rabi, da ƙuruciya ban ji magana ba.

Gajeriyar Hanya:
Maganar yaran nan dai ta tsaya min a rai, ina da jikoki suna zuwa. Ban ce na sauka daga ra'ayina duka ba. Amma Oga, wayar da aka yanke aka murɗe shekara huɗu, tana gyaruwa ko sai an sayi duka?

Bakanike:
Tana gyaruwa Alhaji. Sabon soket da makunni, aikin rabin awa. Ɗauko hoton yadda aka yanke ta ka turo in gani.

Sabon Mahayi:
Jama'a na dawo da rahoto. Tayoyin baya 28 na samu, na gaba kuwa ɗaya 30, ɗaya 22, shi ya sa ma yankan yake fitowa a karkace ashe. Na mayar da su 10 da 14. Na sa noti, na goge soket, an canza allurar kafireto da mai. Yau na yanka filin duka da giya ta uku, bai yi tari ko sau ɗaya ba, da na ɗaga jikina don gwaji kuma ya mutu nan take. Gangaren na auna da katako, sama-sama santimita 19 ne, amma daf da magudanar ya kai 33, don haka can na bar wa na turawa. Wuƙa ɗaya ta wasu, ɗayar na ga tsaga kusa da ramin tsakiya, na ajiye ta gefe. Oga, lambar da ke jikin tsohuwar wuƙar ita zan kai a ba ni irinta, ko ta jikin kaskon?

Bakanike:
Kai musu duka biyun, ka tafi da tsohuwar a hannu a gwada ramin tsakiyar, wani tauraro ne wani zagaye. Kuma sayi biyu ka canza su tare, wadda ka wasa ta zauna a matsayin ta ajiya.